Hotuna Uku na Zuciyar Inna

Shekarun baya ke nan, a shekarar da sojoji suka sake karɓar ƙasa, aka gano mahaifiyata na da sankarar mama a ɓarin dama. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Filinge, kowa Mushe yake ce mini, wato malamin boko, ni ma kuma na yarda cewa tunda ina jin Faransanci ba abin da zai gagare ni a asibiti. Na sayi jaka ta musamman saboda takardun Inna, ina rungume da ita kamar jariri.

Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa mana, kada dangi su ji. Bayan mu 'ya'yanta, mutum ɗaya ta yarda ta sani, ƙawarta da muke kira Iya. Ƙawancensu ya girme ni, tun suna 'yan mata suka ƙulla shi da goro da musayar zane. Inna ba ta wasa da salla, Iya kuwa 'yar wani ƙauye ce wajen Damana inda har yanzu ake girka bori, amma ban taɓa jin sun yi gardama a kan wannan ba. Iya doguwa ce mai ƙashi, ta kan ɗauki buhun hatsi ta aje ba ta nemi a kama mata ba. Idan haki ya taso mata sai ta zauna ta ce Doguwa ce, iskar borinsu, ta hau mata ƙirji, a ba ta ɗan lokaci za ta sauka. Mu kuma mu yi dariya.

Duk mako uku mukan shiga motar Yamai mu uku, mu tsaya Baleyara mu sha fura, mu wuce. A can ake sa wa Inna wani jan ruwa a jijiya, wanda suke kira shimiyo. Likitan da ke duba ta ya gaya mini tun farko cewa maganin yana cin sankara, amma wani lokaci yakan taɓa zuciya. Saboda haka kafin a fara aka yi mata hoton zuciya, eko suke ce masa. Wata mace ce ta yi, ta rubuta ƙarfin bugun zuciyar sittin da wani abu, likita ya ce wannan zuciya ta yarinya ce. Inna ta yi kwana uku tana yi wa Iya gori da wannan magana.

Bayan zagaye na uku aka ce a sake hoton. Ranar na kai su bakin ɗakin, na ga layi ya yi tsawo, sai na tuna ina da wata takarda da ta maƙale a ma'aikatar ilimi tun da aka sauya shugabannin ofis. Na damƙa wa Inna takardar shiga, na ce in an kira sunanta ta shiga, ba wani abu ba ne, ta riga ta saba. Na tafi na yini a ma'aikata ban samu wanda zai sa hannu ba. Da na dawo na tarar da su zaune a gindin bishiyar bedi suna cin gyaɗa, sakamako na cikin ambulan.

Washegari likita ya buɗe ambulan, ya cire tabarau, ya mayar. Talatin da biyar. Ya ce zuciyar ta faɗi, ta kuma yi girma, ba zai ƙara ɗigon jan ruwan nan ba. Na tambaye shi, to sankarar fa? Ya ce ita ba za ta jira mu ba, amma ba zai kashe mace da hannunsa don ya warkar da ita ba. Ya rubuta ƙwayoyin zuciya, ya ce mu koma gida, kada ta yi daka, kada ta ja ruwa, a rage mata gishiri, mu dawo bayan mako uku.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiya ba. Ƙullutun sankarar ya fara raguwa, mun gani da idonmu, ga shi an tsayar da abin da ke rage shi. A gida na zama soja ni ma. Na ɓoye taɓarya, na hana Inna zuwa rijiya, in ta miƙe sai in ce ta zauna. Iya ta baro ƙauyensu ta tare a gidanmu, ita ke daka, ita ke jan ruwa, ita ke wanki. Inna dai sai kallona take yi tana cewa, "Ni ban jin komi ga zuciyata, kai ɗan ga." Ni kuma in ce mata ai na'ura ba ta ƙarya. Ƙwayoyin ma ashe ba sha take ba, a ƙarƙashin tabarma take tara su.

Wani abokina malamin asibiti ne ya ba ni shawara in kai ta wani wuri dabam a sake dubawa kafin ranar komawa. Na kai ta wurin wata likitar zuciya, dattijuwa Bazabarma, mai Hausa kaɗan-kaɗan. Wannan karon na tsaya a bakin ƙofa ban motsa ba. Sakamako ya fito sittin da biyu.

Na koma wurin likitanmu da murna, ya ƙi karɓa. Ya ce zuciya ba ta tashi daga talatin da biyar zuwa sittin a kwana ashirin, ɗaya daga cikin na'urorin ce ba ta da lafiya, kuma shi da mafi munin zai yi aiki. Na koma wurin dattijuwar, ta ce ita ta san abin da ta gani. Kwana biyu ina zirga-zirga tsakaninsu da jakata, Faransancina bai tsinana mini komai ba. A ƙarshe dattijuwar ta ce in kawo mata hotunan uku duka, ba lambobin ba, in kuma zo da maras lafiyar.

Ta jera su a kan tebur ta daɗe tana dubawa. Ta ɗauki na farko da na uku ta haɗa wuri ɗaya, ta ture na biyu gefe da yatsa. Ta ce mini da Faransanci, "Waɗannan biyu na mutum ɗaya ne. Wannan ba nata ba ne. Wannan zuciya ta yi shekaru tana wahala, ba jan ruwa ne ya yi mata haka ba." Na nuna mata sunan Inna a saman takardar. Ta ce ta ga suna, amma ita zuciya take karantawa.

Na juya na fassara wa Inna. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Iya da ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa da ƙullin kayanmu ta fara kallon rufin ɗaki. A nan na fara zargi.

"Inna, ran nan da nit tahi, wa ya shiga ɗakin ga?"

Ta ce, "To mi kaka so in yi? Da anka buɗe ƙohwa nij ji muryatai. Mijin ɗiyar ƙanwata na, wanda anka yi ma arme a Sanam. In kware ƙirji gaban surukina?"

Ashe mai ɗaukar hoton ranar namiji ne, kuma surukinta ne. Bai taɓa ganin fuskarta ba, domin duk zuwansa gaisuwa daga bayan zana take amsa masa, sunanta na takarda kuwa ba wanda ke kiran ta da shi ko a gida. Ita ma muryarsa kawai ta sani. Da aka kira suna sai ta miƙa wa Iya takarda. Iya ta shiga da kallabinta, aka ce ta kwanta ta buɗe ɓarin hagu, ta buɗe, aka shafa mai aka ɗauki hoto, ta fito suka ci gyaɗa.

Iya ta ce, "Mu dai mun ga abinci guda muka ci, ruwa guda muka sha tun muna ɗiya. In nata lahiya lau na, nau ma lahiya lau na. Mi ab bambanci?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, faɗan mako uku na tara. Likitar ta ɗaga mini hannu. Ba Inna take kallo ba, ƙafafun Iya take kallo. Ta taso ta durƙusa ta danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta tambaye ta da 'yar Hausarta ko tana iya kwana a kwance sosai. Iya ta ce ta yi damina uku a jingine take barci, Doguwa ba ta son ta miƙe. Likitar ta ce mini, "Wannan ita ce maras lafiyata. Wa ke ɗaukar wannan kaya?" Iya ce ke ɗauka tun daga tashar Filinge.

Mako uku na zaunar da mai lafiyayyar zuciya a inuwa, na miƙa taɓarya da guga ga wadda zuciyarta ke gab da tsayawa. Da Iya ta faɗi a bakin rijiyarmu, da cewa za mu yi kwana ya ƙare, ba wanda zai san dalili.

A makon nan aka mayar da Inna kan jan ruwanta, daga baya aka yi mata aiki. Iya kuma aka buɗe mata nata dosiye, wato fayil ɗin asibiti, da sunanta, abin da ba ta taɓa mallaka ba. Da ƙyar ta yarda da ƙwayoyin, sai da Inna ta ce in ba ta sha ba ita ma ta bar zuwa Yamai. Ta ce to, za ta sha, amma Doguwa ma za a ba ta haƙƙinta, kuma ba wanda ya hana ta. Surukin nan har yau bai san abin da ya faru ba, yana zuwa gaisuwa, Inna na amsawa daga bayan ƙofa.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Iya ba ta taɓa taka asibiti don kanta ba, kuma ba mai iya kai ta. Sai da ƙawarta ta kamu da sankara, takardata ta maƙale a ma'aikata, aka sauya mai ɗaukar hoto, aka kawo mutum ɗaya tak a duk Yamai wanda Inna ba za ta iya shiga gabansa ba. Da ɗaya ya kauce a cikin waɗannan, da ba a ga zuciyar nan ba. Ni da nake ganin ni ke tafiyar da komai da jakata, rashina a wurin ne kawai amfanin da na yi.

Iya ta ƙara shekara bakwai, ta ga auren jikokinta biyu, ta rasu a ƙauyensu bayan an gama girbi. Inna na nan da ranta, ta tsufa, tana daka in ta ga ba na kusa.

Bara ina kwashe tsofaffin takardu na ci karo da hoto na biyu. Na ce mata wannan dai kuskure ne, bari in yaga kada wata rana ya rikita wani likita. Ta karɓe shi daga hannuna, ta share ƙurar da gefen zanenta, ta kai shi kusa da ido ko da yake ba ta karatu.

"Bar shi nan," ta ce. "Sunana na bisa, zuciyatta na ciki. Wanga ɗai na ba a yi kure ba."

Ta naɗe shi ta sa a cikin kwallar da take ajiye zanen ƙawancensu.