Wuyan Babur ɗin Baba

Babur ɗin da mahaifinmu ya bar mana ya tsufa ƙwarai, amma da shi nake zuwa koyarwa a Kambaza kullum. Wata ranar Laraba ina dawowa daga Kalgo na faɗa rami, sai na ji ƙas! Faifan ƙarfen da ke haɗa wuyan babur da ƙafafun gaba biyu, wato sandunan da ke riƙe tayar gaba, ya rabe gida biyu. Na zaga masu kayan gyara har na gaji, kowa ya ce an daina kawo irinsa. Wani bakanike ya ce in sayar wa 'yan gwangwan in huta. Na tsani mutumin nan har yau, Allah Ya yafe mini.

Yayana maƙerin tukwane ne, a bayan gidanmu na Gwandu yake narka alminiyam yana zubawa a ƙasa mai danshi. Ya juya ɓallin ƙarfen a hannu, ya ce, "Malam, mi kake ma kuka? Wanga abu ai bai kai murhin tukunya wuya ba."

Ya ɗaure ɓallayen biyu da waya, ya danna su cikin akwatin ƙasa suka bar siffarsu, ya narka tsofaffin fistin na injin mota don sun fi gwangwani ƙwari. Ni aka bar wa juya zugazugi, da farar rigata. Abin ya fito yana sheƙi, har na fara rawa. Da muka zo sawa, ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta ƙi. Ramukan da ƙafafun ke shiga sun matso kusa da juna da kamar kaurin ƙwayar gero.

Ashe alminiyam yana tsukewa idan ya huce. Yaya ya shekara ashirin yana zubi bai taɓa damuwa da haka ba, don babu matar da ta taɓa dawo da tukunya ta ce ta ragu da ƙwayar gero. Na yi masa dariya har na riƙe ciki. Shi kuwa ya yi fushi, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

A rana ta uku na tarar ya sassaƙa siffar da katako, ya ɗan ƙara mata girma kowane gefe. Ya sake zubi, ya wuni yana goga da magagari. Wannan karon ƙafafun biyu suka zauna daram. Sai na lura da tauraro a saman faifan, irin wanda yake bugawa a murfin tukwanensa.

"Yaya, wanga hwa? So kake a ce tukunya nake hawa?"

"Duk abin da ya hito hannuna da shaidata yake hita," in ji shi.

Na gwada babur ɗin sati guda a kan hanya mafi muni kafin na yarda da shi. Ranar Juma'a Inna, mahaifiyarmu, ta yafa mayafi ta ce in kai ta Kalgo wajen ƙanwarta. Rabonta da hawa babur ɗin tun rasuwar Baba, ko kallonsa ba ta son yi. Na tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Mun wuce gari kaɗan sai ta dafa kafaɗata.

"Ƙara wuta mana," ta ce, tana dariya. "Babanku ba haka yake jan shi ba."

Na ƙara, idona cike da hawaye, ina jin daɗin da ban san inda zan sa shi ba.