Kawu Mahauci da Maganin Abarba

Ana sallame sallar asuba muka bar Mayahi, ni da yayata, a bayan wata tsohuwar mota 'yar kasuwa mai zuwa Urafane. Masu ta tambaya ina na shige kwana uku ban ɗaga salula ba, to ga labarin, ku yi mini uzuri.

Kawunmu ne ya tayar da mu, ƙanen mahaifiyarmu. Mahauci ne, kuma duk wanda ya taɓa cin kilishi a kasuwar Urafane ya san aikin hannunsa ko da bai san fuskarsa ba. Ranar kasuwa wani ragon da ya ɗaure kusa da rumfa ya tsinke igiya ya tunkuyi kaskon suya, tafasasshen mai ya kwararo masa a hannun dama, daga yatsu har kusan gwiwar hannu. Yayata unguwarzoma ce a gidan likita. Da aka turo mata hoton hannun muna cikin cin tuwo, sai na ga ta tsame hannunta daga kwano. Ta ce in aka bar shi haka yatsun za su ƙage, in ma ba a kai ga yankewa ba. Ta kuma ji labarin wasu baƙin likitoci sun sauka a Tasawa da wani maganin ƙuna da ba a sayarwa a farmasi, kuma ba ya son jinkiri. Ni kuwa an ɗauko ni ne wai don namiji ya yi rakiya. Ni da ko kaza za a yanka sai in tuna ina da aiki a waje!

Damina ta yi kyau bana, masha Allah. Gero ya kai ƙugu, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsa, duk inda ka duba kore shar. Amma hanyar yashi ba ruwanta da kyan gona. Sau biyu muka kafe a cikin kwari, sau biyu direba ya ce maza su sauko su tura, shi kuma yana zaune yana ba mu labarin tsadar esansi, wato man fetur, kamar mu muka ƙara masa kuɗi. A wani ƙauye muka sayi dafaffen ƙwan zabi da yaji, wanda shi ma ya yi tsadar da har na tambayi mai tallar ko zabin sun fara biyan haya ne. Ta ce in ban saya ba in ba wasu wuri. Na saya. Wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai sanyi, ita ce ta dawo mini da imanina.

Da hantsi muka iske Kawu ƙarƙashin dogon yaro, 'yan dubiya sun kewaye shi. Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya bar nasa maganin: wannan ya fasa ɗanyen ƙwai, wancan ya matsa man goge haƙori, wata ta zuba zuma, sannan aka bi aka lulluɓe da gashin zomo. Hannun ya koma kamar zomon da ya faɗa cikin kunu. Yayata ta gaishe shi a durƙushe yadda ya kamata, sannan ta miƙe ta wanke 'yan dubiyar nan tas, har da mai unguwa.

Kawu ya ce ba inda za shi, shi ba ruwansa da likita. "Lokotoro? Wanda bai taɓa feɗe ko akuya ba shi za ya sa mani wuƙa? Ni na san wuƙa, ɗiyata. In hannu bai ƙware ba, da mai kyau da maras kyau take kwashewa." Kuma gaskiyarsa, don yayata ta ce haka aka saba yi, a yanke mataccen naman da wuƙa, wani lokaci a haɗa da mai rai. Ta rantse masa wannan karon shafawa kawai za a yi. Da wannan alkawarin ya shiga mota. Har muka kai Tasawa, duk tashar da muka wuce sai ya leƙa ya kushe mai tsiren wurin, wai wannan ya yanka da kauri, wancan jijiya yake sayar wa bayin Allah.

A gidan likitar, ranar farko duk a wankin gashin zomo ta ƙare. Aka jiƙa hannun, aka naɗe, aka ce sai da safe. Washegari lokotoro ta zo, wata mace ce 'yar ƙasarmu da ke aiki tare da baƙin, mai magana a hankali. Ta nuna mana wata 'yar kwalba mai gari a ciki. Ta ce daga karan abarba ake tatso shi, a kwaɓa, a shafa a kan ƙunar, a rufe awa huɗu, shi kuma ya narkar da mataccen naman.

Kawu ya sauko da ƙafafunsa daga gado ya fara laluben takalmi.

"Abarba? Ku tashi mu tahi gida."

Ashe mun taɓo inda ya fi kowa sani. In mahauci ya yanka tsohon sa ko raƙumin da ya gaji da duniya, da ganyen gwanda yake murje naman, ko ruwan abarba in ta samu, har ya yi laushin da tsohuwa marar haƙori za ta ci. Kawu ya ce akwai ranar da ya manta da cinya guda a cikin ganyen gwanda tun safe har la'asar, ya zo ya iske ta zama fate. "Ni za a tausasa? To saura mi? Ku kawo ƙuliƙuli da yaji ku barbaɗa mani, ku kira masu saye!" Marasa lafiyar ɗakin suka tuntsire da dariya, har wani mai karaya yana roƙon a bari don haƙarƙarinsa. Ni ma na yi dariyar, amma na ga da gaske yake, kuma lokotoro ta riga ta ce kwanakin da maganin ke aiki a cikinsu sun kusa ƙurewa.

Sai na ce bari in gwada ilimina, tunda malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko. Na gyara murya na shiga bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, har da zana hoto a bayan takardar magani. Kawu ya bari na gama sarai, sannan ya ce, "Ɗan lakwal, ka taɓa riƙe nama ɗanye?" Na ce a'a. Ya ce to in matsa in ba shi iska.

Lokotoro ba ta yi gardama da shi ba. Kujera ta jawo ta zauna, ta ce ita kam naman gidanta kullum tauri yake yi, ya koya mata yadda ake yi da ganyen gwandar. Nan fa Kawu ya saki jiki, ya manta da takalmi. Ya faɗi irin ganyen da ake tsinka, da yadda ake dandaƙa shi, da yadda ake bi da shi lungu-lungu na naman.

Sai ta ce, "Da mi kake murzawa, Baba?"

"Da hannu mana. Da mi za a murza?"

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haihi wanga ɗan lakwal ba."

"To hannun ya narke?"

Kawu ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi gaba da baya, hannu kamar tsohon takalmin fata. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe naman da aka yanka shi yake ci, ba mai rai ba." Lokotoro ta ce haka ne, amma ba za ta ɓoye masa ba, akwai zafi, sai an yi masa allura tukuna. Ta kuma kalle mu duka ta ce kada wanda ya koma ƙauye ya daka abarba ya shafa wa mai ƙuna, wannan aikin gidan likita ne. Kawu ya mayar da ƙafafunsa kan gado.

Ni dai ana fara kwance bandeji na ga ɗakin yana juyawa, yayata ta tura ni waje. Awa huɗun nan a tasha na yi su, na ci shinkafa da wake ban ji ɗanɗanonta ba, na sha shayi kofi uku, ina ta addu'ar da na iya da wadda ban iya ba. Da na dawo na daure na tsaya a bakin ƙofa. Lokotoro ta ɗauki wani ɗan katako marar kaifi tana kankarewa a hankali, baƙar fatar nan da ta bushe tana tahowa kamar ƙanzo a gindin tukunya. A ƙarƙashi ja wur, da ɗigo-ɗigon jini. Kawu ya sunkuya ya duba yadda yake duba nama a mahauta da sassafe. Ya ce, "Wanga na da rai." Ta ce ya motsa yatsu. Suka motsa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne kawai ya yi nawa kafin ya bi 'yan'uwansa. Kawu ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Wallahi ni ma kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa.

Da sauran aiki, an ce makonni za a yi ana wanki, kuma wuri ɗaya wataƙila sai an ɗebo fata daga cinya an liƙa. Na bar yayata tare da shi, rana ta uku na hau motar Mayahi. A hanya na yi ta tunanin abin da na koya: ni na je ina cusa wa tsoho abin da na sani, ita kuwa ta tambaye shi abin da ya sani, kuma a nan amsar take.

Na iske Inna, mahaifiyarmu, a ƙofar gida, ashe tun azahar take tsaye. Ba ta amsa sallamata ba, ba ta tambayi hanya ba. Ta ce, "Hannun?" Sai na ɗaga hannuna na dama, na motsa mata yatsun ɗaya bayan ɗaya har biyar. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da mayafi tana cewa alhamdulillahi.