Ranar da Na Riƙe Ƙaho Ban Busa Ba

A lokacin ni yaro ne mai surutu da rawar kai, ɗan wani manomi a ƙauyenmu tsakanin Tsiga da Bakori. Zamanin hare-hare ne, don haka duk ranar gayya sai a ɗora mutum ɗaya kan rimin bakin gona da ƙaho a hannu. In ya hango mahara ya busa, kowa ya yar da fartanya ya ruga cikin gari.

Hawana na farko ina ɗan shekara goma sha biyu. Na ga tsuntsaye sun tashi daga kurmi, na busa iya ƙarfina. Ashe shanun Fulani ne. Mahaifina, da yake gayyar tasa ce, ya zane ni da tsumagiya a gaban jama'a, ya ce na zubar masa da mutunci, kada in ƙara buɗe baki sai na tabbata. Sa'o'ina kuwa suka laƙaba mini Sarkin Shanu, ko rijiya na je sai wani ya yi kukan saniya a bayana. Tun daga nan na zama mai haɗiye magana.

Bayan shekara bakwai aka sake ɗora ni. Rana ta take tsaka na hango wani abu yana ƙyalli cikin gonar dawa, daidai hanyar da ƙanwata take biyowa da furar manoma. Zuciyata ta ce bakin mashi ne. Na kai ƙahon baki, sai kukan saniyar nan ya dawo mini a kunne. Na dubi ƙeyar mahaifina can ƙasa yana noma, na ce bari in ƙara dubawa. Na duba, na sake dubawa. Kafin in busa maharan sun riga sun fito fili. Manoma duk sun tsira. Ƙanwata kuwa, ƙwaryarta kawai muka tarar a kife.

Mahaifina bai doke ni ba, har ya rasu bai tambaye ni dalilin jinkirina ba. Ina jin ya sani. Laifin nawa ne, ba na musu, amma wallahi ba da tsoron nan aka haife ni ba, koya mini aka yi. Iyaye, ku yi hattara da abin da kuke dukan yaro a kansa, ku kuma tsawata wa masu yi masa dariya.

Jiya jikana ya shigo a guje, wai ga maciji a rumbu. Muka je, ashe igiya ce. Na shafa kansa, na ce gobe ma in ya gani ya yi ihu.