Garin da Okechukwu Ya Gina

Okechukwu a Sabon Garin Kano aka haife shi, a bayan shagon ubansa mai gyaran rediyo. Ni kuwa daga Fagge nake ɗauko shinkafa da wake in zauna a ƙofar shagon, tun yana yawo ba wando. Hausarsa ta fi ta jikokina. Igbonsa kuwa, in ya yi, har uwarsa sai ta ce ya maimaita.

Ya gaji shagon, ya bar rediyo ya koma bidiyo, daga nan sai kwamfuta. Ya auro Nneka, mai ɗinki, mace mai kirki da ba ta taɓa kwance jakarta gaba ɗaya ba. Duk sanda aka ce gari ba lafiya, ita ce ke goya yara zuwa barikin soja. Maganarta ɗaya: su koma Aba. Shi kuma ya ce Aba garin wa?

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ya ce mata komai ya wuce. Na ce, "Ɗan nan, hula kawai aka sake, kan yana nan." Bai ji ba, hankalinsa na kan wani gem, wato wasan kwamfuta, da ɗan'uwansa zai aiko daga Legas. Wai a ciki mutum zai kafa gari irin na zamanin dā, ya haƙa rijiya, ya ja ganuwa, ya tara mayaƙa.

"Inna, Kano zan gina, ki gani da idonki."

Na ce, "Ka sa min rumfa mai inuwa, tunda wannan taka yoyo take."

Har kwastomomi suka gaji da labarin. Mai kawo gyara sai ya sha bayanin yaƙin mutanen dā kafin a taɓa masa na'ura.

Faifan ya iso wata Asabar da rana, aka yi sa'a akwai wuta. Na ja kujera, Nneka ta tsaya bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ya ja ganuwa zagaye, ya sa fada a ciki, da rumbuna, da rijiyoyi. Kasuwa da maƙera da gidajen fatake kuwa ya jera su a waje.

Na ce, "Waɗannan fa, laifin me suka yi?"

"Inna, ai haka gari yake. 'Yan kasuwa a waje suke zama."

Ko kallona bai yi ba. Bai taɓa ganin wani garin ba, balle ya san ana yin wani fasali.

Can sai ga mahara daga gabas, ƙanana kamar tururuwa. Ya danna, ƙofofi suka rufe. Suka zagaya ganuwa ba su sami hanya ba, sai suka juya kan kasuwar. Muna kallo 'yan mutanen nan suna gudu zuwa ƙofa, ƙofa a kulle. Da wuta ta gama cin rumfuna, maharan suka tafi. Sai kwamfutar ta busa kiɗa, rubutu ya fito.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Wai na ci. Gari ya tsira."

Nneka ta ce, "Barka, mai gari." Ta koma kan kekenta.

Ni da bakina ba ya hutawa, ranar sai na kama kwashe kwanuka.

Bai sake kunna gem ɗin ba. Kafin damina ta fita ya sayar da shagon. Na raka su tashar dogayen motoci, na ba yaran gyaɗa. Ya durƙusa ya ce in yafe masa.

"Me ka yi min? Tashi, kar motar ta tafi da matarka ta bar min kai."

An ce yana Aba yana gyaran janareta, wai can Bahaushe suke kiransa.