Matar da ke Gyaɗa Kai

A barandar wata kotu a Bauchi, wata mata tana zaune da koɗaɗɗen mayafi, ƙafafunta buɗu-buɗu, kamar daga Zungur ta tako. Wani mutum yana tsaye a kanta, wai ƙanin marigayi mijinta ne, gonar marayunta yake nema. Kome ya faɗa, sai ta yi murmushi ta gyaɗa kai.

"Kun gani? Ta yarda!" in ji shi.

Wata matashiyar lauya ta tsuguna gabanta, tana yi mata bayani da hannu. Murmushin ya ɗauke. Matar ta dafe ƙirji tana girgiza kai.

Innalillahi! Ashe kurma ce. Sau nawa aka ce ta yarda a rayuwarta?