Rabin Shafin Yaya Umaru

Shekara sittin da ɗaya ke nan da kogin Kwara ya karɓi yayana Umaru, malamin firamare a Bagudo. Duk shekara idan ruwa ya cika ya kwanta ina tuna shi, amma bana jikata ce ta tayar mini da zancen. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kaka, ga kiɗan nan da kake yawan yi da hanci." Wani kundin sani ne na yanar gizo. An ba kiɗan shafi guda, a bayansa kuma mutane na ta gardama: a jera duk wanda ya taɓa kaɗa shi, ko a zaɓi manya a bar sauran? Na mayar mata da wayar. Irin wannan gardama muka yi da Yaya Umaru, kuma ita ta sa ya shiga jirgin da bai sauka ba.

A shekarun farko na 'yancin kai kowa na ɗokin a rubuta komai da Hausa. Wasu malamai a Sakkwato suka ƙudura haɗa kundi mai bayanin abubuwan duniya, suka aiko wa Yaya takarda ya rubuta ɓangaren kiɗe-kiɗen ƙetare, don an san shi da garmaho. Sharaɗi biyu suka gindaya: kowane batu rabin shafi, kuma duk abin da aka rubuta sai da madogarar da za a iya riƙewa a hannu, littafi ko faifai ko wasiƙa.

Sauran batutuwan ba su ba shi wahala ba. Wanda ya tsaya masa a wuya wani kiɗan jaz ne na baƙaƙen Amurka. Faifai tara gare shi na wannan kiɗa ɗaya, fatake suka riƙa kawo masa su daga Dahome, wadda yau ake kira Benin. A wani faifan mace ke waƙa, a wani kakaki ne zalla, a wani fiyano, wani kuma makaɗan Kwatano suka yi shi da sauri har ana iya rawa.

Ni lokacin ɗalibi ne a kwalejin horon malamai, na zo dogon hutu. Ba na iya magana cikin mutane, amma ina da rula da agogo. Na ja layi a takarda, na rubuta kowane faifai da sunan makaɗinsa da tsawonsa. Shawarata ita ce a sa sunan da ke jikin faifai mafi tsufa a matsayin mai kiɗan, sauran takwas su biyo baya a jere.

Yaya ya yi dariya. "Malam Rula, wanga ai jerin sunayen 'yan aji na. Wa ya ji kiɗi a ciki?"

Shi so yake a bayyana abin da ya haɗa taran nan, wanda ba ya sauyawa ko wa ya kaɗa. Ni na ce ba aikin kundi ba ne. Kwana huɗu muna haka.

Wata ranar kasuwa da hantsi, mun sa garmaho a gindin tsamiyar ƙofar gida, sai wani tsoho ya tsaya. Baba Hamani ne, Badande, wato ɗan ƙabilar Dandawa, mai goge, daga wata tungar masunta a bakin kogi. Kowa ya san aikin gidansu ko da ba a son faɗa. Idan mutum ya nutse aka rasa gawarsa, su ake kira su yi goge a gaɓa har ruwa ya sake shi. Malaman addini ba sa so, amma dangin mamaci kan bi ta bayan gari su je.

Tsohon ya saurara. Can ya ɗaga hannu, kuma daidai lokacin kiɗan ya ɗauke, kamar numfashi huɗu, sannan ya ci gaba. Na san wurin, don na auna shi a duk faifan tara. Abin da ban sani ba shi ne yadda mutumin da bai taɓa jin faifan ba ya san da shi.

"Wa ya ba ku wanga?" ya tambaya.

"Na Amurka ne, Baba," in ji Yaya.

"Na gidanmu na. Kakannina sunka bar muna shi. Wurin da ya yi shiru, nan na ruwa ka amsawa." Ya dubi garmahon kamar maciji ne. "Wa kuka nema?"

"Ba kowa, Baba. Ji kawai muke."

"To ku kashe shi. Ba a kira in ba a rasa kowa ba. Ruwa ba ya son a tashe shi ya koma hannu wofi."

Yaya ya ɗaga allurar, don girmamawa. Amma fuskarsa ta cika da murna. Da tsohon ya wuce ya ce mini ga farkon rabin shafin nan ya zo da ƙafarsa. Wataƙila bayi ne suka ƙetare teku da kiɗan, ya zaga duniya ya dawo gida a faifai. Da Baba Hamani za a fara, Amurka ta biyo baya.

Ni kuwa na yi abin da na iya. Na bincika na gano ƙanen tsohon ya yi sojan Faransa shekaru, ya dawo da ƙaramin garmaho. Ta yiwu daga nan kiɗan ya shiga gogen. Na ce wa Yaya bakin mutum ɗaya ba madogara ba ne, sai an sami na biyu. Ni na faɗi wannan, kuma har yau ina jin muryata tana faɗa.

Ya ce akwai na biyu. Yayar Baba Hamani na nan da rai a ƙetaren kogi, wajen Illo, ta kuma girme shi nesa, za ta san ko kiɗan ya riga garmahon zuwa gidansu. Idan ta rera kiɗan ba tare da an tuna mata ba, zai rubuta, limamin garin ya sa hannu, ga wasiƙa ta samu.

Bayan azahar ya shiga jirgi. Ba iska, ba hadari. Waɗanda ke gaɓa suka ce jirgin ya kai tsakiya ya juya a hankali, kamar ana kife ƙwarya. Mutum bakwai ne a ciki. Shida suka fito, har da wata mata mai goyo. Yaya, wanda ya koya mini iyo, shi aka rasa.

Kwana biyu masunta na nema. A rana ta uku mahaifiyarmu ta aika a kira Baba Hamani, ba wanda ya hana ta. Ya zauna a kan yashi da la'asar sakaliya ya fara. Kiɗan faifan nan ne, ba ko shakka, sai dai a hankali ƙwarai, kamar ana jan sa daga ƙasan rijiya. Da ya kai wurin shirun na ga kaina ina ƙirge, don sabo. Huɗu ya wuce. Goma ya wuce. Tsuntsayen gaɓa ma ba su yi kuka ba. Ina kan sha bakwai wani masunci ya nuna cikin ciyawar ruwa, kusa da mu ƙwarai, wurin da aka caccaka da gora tun jiya.

Na sani gawa kan taso a kwana na uku ko an yi kiɗa ko ba a yi ba. Na karanta wannan, na kuma riƙe shi shekaru kamar sanda.

Bayan sadakar arba'in takarda ta zo daga Sakkwato ana jiran rubutun. Ni na ƙarasa shi. Na sa sunan da ke kan faifai mafi tsufa, na jera sauran takwas, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Baba Hamani ya zo gaisuwa ya ce in karanta masa. Na karanta kaina a sunkuye.

"Ina namu?" ya ce.

"Ba madogara, Baba."

"Ba kana nan ba, ɗana, ran da munka fid da yayanka?"

Na ce ina nan. Ya jira in ƙara wani abu. Na naɗe takardar. Ya ɗauki gogensa ya tafi, ban sake ganin sa ba.

Da Yaya zai ga yau, ina jin wayar nan za ta burge shi. Faifai tara ya tara cikin shekaru, ga shi yanzu yaro na taɓa gilashi ya ji fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Zai yi wa masu gardamar dariya yadda ya yi mini, ya ce har yanzu 'yan aji suke jerawa. Sannan zai tambayi inda aka sa na bakin Kwara. Ba wanda ya taɓa ɗaukar gogen Baba Hamani a faifai. 'Ya'yansa sun koma noma, jikokinsa na kabukabu da babur tsakanin Bagudo da Zagga. In mutum ya nutse yanzu jirgi mai inji ake kira.

Kundin Sakkwato ban taɓa jin an buga shi ba. Faifan sun farfashe ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban Yaya sun tsufa, waɗanda suka rage na tuna dariyarsa fiye da darasinsa. Abin da ya saura nasa a wurina shi ne ya yarda da tsoho don ya saurare shi, ni kuma na aika shi neman takarda.

Jikata ta ce kowa na iya gyara shafin, in faɗa mata ta rubuta. Na ba ta labarin duka, ta buga. Kafin magariba wani ya goge, ya bar gajeren saƙo cikin ladabi: a kawo madogara. Ta fusata. Ni ban iya fusata ba. Ko wane ne shi, daidai ya bi ƙa'ida, kuma ni kaɗai na rage a duniya cikin waɗanda suka ji gogen.