Jinin Dakta Aminu Bai Gama Aiki Ba

Da hantsi ranar Talata ina ɗakin bincike aka leƙo aka ce Dakta Aminu ya rasu. Na ce ba dai namu ba, domin jiya da yamma muka rabu yana tsokanata a kan sanyin hannuna. Aka ce shi ne. Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a zauren gidansu na unguwar Kwarbai, bai sake tashi ba. Kafin azahar an rufe shi.

Mun daɗe muna aiki tare a kan kuromosom, zaren gadon nan da ke cikin kowace ƙwayar jikin mutum. Kafin ƙwaya ta rabu biyu sai ta kwafi zaren nan kaf. Tambayarsa guda ce: yaushe ake kwafar yankin da ke kusa da bakin zaren? Akasari ana ɗauka yankin a dunƙule yake, don haka shi ne na ƙarshe. Shi kuwa yakan ce, "Hajiya Binta, a yis ɗin da ke kumbura burodi suka ga haka. Mu ba burodi ba ne, mu duba mutum." Idan ana neman jinin gwaji ba ya roƙon kowa, hannun rigarsa kawai yake naɗewa. "Nawa ba ya buƙatar lallashi," in ji shi.

Washegari na buɗe na'urar ɗumi, inda muke renon ƙwayoyi. Kwalaben da ya zuba jininsa suna nan, ƙwayoyinsa na ta rabuwa, mai su yana kabari. Na rasa abin yi. In na ci gaba, ina tsoron na riƙe wani ɓangare na mamaci. In na zubar, aikinsa ya tafi, kuma ƙwaya ba ta jira.

Na tafi wurin yayansa, Malam Sani, wanda ya yi masa wanka, na faɗa masa. Sai ya tambaye ni:

"Kina nufin har yanzu da sauran Aminu yana motsi?"

Na ce e, Malam.

"Ki ƙarasa masa abin da ya fara. Abin da ya rage kada a zuba a kwata. Ki kawo mini, ni zan kai masa kabarinsa."

Haka aka yi. Da na ƙarasa gwajin na kai ragowar, Malam Sani ya karɓa da hannu biyu.

Allah Ya jiƙan Dakta Aminu, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa iliminsa ya zama sadaka mai gudana. Allah Ya dafa wa Malam Sani, da matar marigayin, Hajiya Rabi, Ya raya 'ya'yansa da ba su gama gane abin da ya faru ba tukuna.